Wasiƙa daga Kaduna kan neman sabon maganin tsutsa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, tare da tambayar aiki da zaman baƙunta. Mu nan Kaduna lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

A wasiƙarka ka tambaye ni dalilin da ya sa har yau ake raba maganin makantar rafi a ƙauyuka kowace shekara, alhali tun 1987 kamfanin Merck ya fara bayar da ivermectin kyauta. Dalilin shi ne 'ya'yan tsutsar da ke haddasa cutar kaɗai maganin yake kashewa, iyayen kuwa suna nan kwance cikin ƙululu a ƙarƙashin fata, suna iya kai shekara 15 suna haihuwa. Ita ma tsargiya kusan haka take, domin maganin praziquantel da aka samo tun shekarun 1970 shi ne kawai abin dogaro, kuma ba ya cin tsutsotsin da ba su gama girma ba yadda ya kamata. Duk ranar da tsutsar ta saba da shi ba mu da madadi a hannu, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka daɗe suna jinkirta samun sabon magani shi ne dogaro da idon mutum. A da, mai bincike kan zauna gaban madubin likita, ya ɗiga wa tsutsa sinadari, ya zuba mata ido, sannan ya ba ta maki gwargwadon motsinta. Ido yana gajiya, kuma mutum biyu sukan duba tsutsa ɗaya su saɓa a maki, ga shi sinadaran da ke jiran gwaji dubbai ne.

Yanzu kyamara da kwamfuta ne suka karɓi wannan aiki. Ana zuba tsutsotsi a faranti mai ramuka 96 ko 384, kowane rami da nasa sinadarin, kyamara ta ɗauki bidiyonsu, manhaja kuma ta kwatanta kowane hoto da wanda ya biyo bayansa ta auna yawan abin da ya gusa. Ta haka motsi yake zama lamba, ramin da lambarsa ta faɗi kuwa shi ne za a koma a bincika. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke San Francisco suka fitar da irin wannan na'ura mai suna WormAssay, wadda ke aiki da kyamarar bidiyo ta kasuwa, suka kuma saki manhajar kyauta. A Landan an tsara wata hanyar da ke auna har siffar ƙananan tsutsotsin tsargiya bayan an ba su sinadari. Sai dai tsutsar da ta daina motsi ba lallai ne ta mutu ba, don wani sinadarin sandarar da ita kawai yake yi ta farfaɗo daga baya, saboda haka dole a bi da gwaji a jikin dabba kafin a kai ga mutum.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne na'urar ba ta da amfani sai da tsutsa mai rai, ita kuwa tsutsar makantar rafi a jikin mutum take rayuwa. Shi ya sa a Kamaru masu bincike suke ciro 'yar uwarta daga fatar shanu a mahauta su yi gwaji da ita. Mu ma muna da shanu da mahauta, ga Cibiyar Binciken Sammore ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa duk a cikin garin nan. A ganina, ya kamata a riƙa yin irin wannan gwaji kusa da inda cutar take.

Tunda kana cikin masu aikin kwamfuta a can, don Allah ka binciko mini kuɗin haɗa irin wannan na'ura, da ko za a sami wanda zai koya wa ɗalibanmu sarrafa manhajar. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka amini,
daga Kaduna.