A Ba Yaƙin Adwa Haƙƙinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi domin Yaƙin Adwa na ranar 1 ga Maris, 1896, inda Habasha ta karya sojojin Italiya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin kamar jarumtaka ce kawai, alhali shiri ne ya yi aiki.

Tushen rikicin shi ne Yarjejeniyar Wuchale ta 1889. Sashe na 17 a rubutun Amharik ya ce Sarki Menelik na Habasha na iya bi ta hannun Italiya a hulɗarsa da ƙasashen waje. A rubutun Italiyanci kuwa an mai da abin tilas. Menelik ya soke yarjejeniyar, ya yi shekaru yana sayen bindigogin zamani, ya haɗa kan sarakunan larduna, har ya fito da mayaƙa wajen 100,000.

Janar Baratieri, kwamandan Italiya, na da sojoji kusan 17,000, kuma ya so ya jira yunwa ta watsa sansanin Menelik, tun da abinci ya fara ƙarewa. Firayim Minista Crispi ya yi ta matsa masa daga Roma. Sai Baratieri ya tura rundunoninsa cikin dare da taswira mai kurakurai. Rundunar Janar Albertone ta zarce inda aka tsara, aka ci rundunonin ɗaya bayan ɗaya.

Kada kuma a manta da Sarauniya Taytu, matar Menelik, wadda ta sa aka tare wa Italiyawa ruwan sha a garin Mekele kafin Yaƙin Adwa. A watan Oktoban 1896 Italiya ta amince da 'yancin Habasha.

Naku,
Mai karatu daga Zariya