Wa ya rufa wa limaman coci asiri?

Assalamu alaikum malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu yawan surutu.

Na rubuto ne kan maganar nan ta limaman cocin Katolika da ake kamawa da lalata da ƙananan yara, wadda kuka taɓo kwanakin baya. Labarin kam kun kawo shi daidai. Abin da ya dame ni shi ne yadda mutane suka karɓe shi a nan Damagaram, a waya da majalisun shayi kowa bakinsa ɗaya, wai ai 'yan luwaɗi ne suka cika coci, a kore su kawai a huta. Ni Musulmi ne, ba ni da kujera a coci, amma na daɗe ina bin labarin nan a RFI da BBC, kuma wallahi wannan amsar ita ce manyan da suka ɓoye laifin suka fi so a bayar, don tana wanke su tas.

A duba yadda abin ya fashe a Boston ta Amurka a Janairun 2002. Jaridar Boston Globe ce ta tono labarin wani fada, wato limamin coci, mai suna John Geoghan, mutum sama da 130 suka ce ya lalata su suna yara, cikin shekara kusan 30, a coci shida. To ya aka yi ya kai coci shida? Iyaye fa sun kai ƙara tun da wuri. Sai a ɗauke shi a ce ya tafi jinya, bayan 'yan watanni a turo shi wata unguwa kamar ba a yi komai ba, sabbin iyaye su miƙa masa 'ya'yansu suna murna an kawo musu mutumin Allah, waɗanda kuma suka matsa da ƙara a ba su kuɗi a sa su sa hannu cewa bakinsu alaikum. Kadinal Bernard Law da ke shugabancin cocin Boston ya san da ƙorafin, duk da haka ya sake tura shi wani coci. Ya ajiye muƙami a Disambar 2002, amma a 2004 aka ba shi shugabancin ɗaya daga cikin manyan majami'un birnin Rum, can ya zauna cikin girma har ya mutu a 2017, ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Faransa ma da muke jin labarinta kullum haka ne. Kwamitin da Jean-Marc Sauvé ya jagoranta ya fitar da rahoto ranar 5 ga Oktoban 2021, ya ƙiyasta yara 216,000 da malaman coci suka ci zarafinsu daga 1950 zuwa 2020, in an haɗa da na ma'aikatan coci da ba limamai ba kamar masu koyarwa a lakwal ɗinsu, adadin ya kai 330,000. Mutum ɗaya mugu ba ya yin wannan ɓarnar shekara 70 in babu mai riƙe masa ƙofa.

Na san hujjar da za a kawo min, ai yawancin yaran maza ne. Gaskiya ne. Binciken kwalejin John Jay ta New York na 2004 ya ƙirga limamai 4,392 da aka zarga a Amurka tsakanin 1950 da 2002, kuma kashi 81 cikin 100 na yaran maza ne. Amma ita kwalejin da kanta a rahotonta na 2011 ta ce ba ta ga alamar cewa limamin da ke sha'awar maza ya fi wanda ba haka yake ba taɓa yara. Abin da ta gani shi ne dama. A wancan zamanin yara maza ne ke yi wa fada hidima wajen ibada, su ake kai wa makarantun kwana, su ake bari su yi tafiya da shi su kwana ɗaki ɗaya babu mai zargin komai, 'ya mace kuwa ba a barin ta. Wanda ke hannu shi aka cuta. Duk da haka fadar Vatican a 2005 ta fitar da umarnin hana masu sha'awar maza shiga makarantun horon limamai, kuma a 2010 Kadinal Tarcisio Bertone, wanda a lokacin shi ne na biyu ga Paparoma, ya tsaya a ƙasar Chile ya alaƙanta lalata da yara da luwaɗi. Magana mai daɗin ji ga jama'a, ba ta tambayi ko bishop ɗaya ina ya kai takardun ƙorafi ba.

Kuma matan fa? A Fabrairun 2019 Paparoma Francis da bakinsa ya amsa cewa akwai limamai da bishop-bishop da suka ci zarafin sistoci, wato matan da suka sadaukar da rayuwarsu ga hidimar coci. A 2024 sai ga labarin Abbé Pierre, limamin cocin da Faransawa suka ɗauka kamar waliyyi saboda taimakon talakawa, mata ne suka fito suna faɗin abin da ya yi musu. Wannan wa za a ɗora wa?

Ba ina nan don in yi gardama kan abin da addini ya ce game da luwaɗi ba, kowa ya san matsayin malamanmu, ya san na coci. Magana ta ita ce babba mai iko ya danne yaron da aka ba shi amana, wannan fyaɗe ne, namiji ne yaron ko mace. Kuma ƙiyayyar da ake hurawa kan 'yan luwaɗi ba ta taɓa kare yaro ko ɗaya ba, hasali ma ita ce ke rufe bakin yaron.

Laifi tudu ne malam Edita, mu sauko mu dubi namu. A kartiyenmu an taɓa kama wani malamin allo da wani almajirinsa, yaron bai wuce shekara goma ba. Ba a je komisariya ba. An zauna a zaure bayan isha'i, an shimfiɗa tabarmi, dattawa suka ce a rufa asiri saboda darajar Alƙur'ani, kada maƙiya su samu abin faɗa. Uban yaron ya zo daga ƙauye, yana zaune a bakin ƙofa da hularsa a hannu, aka yi ta ba shi haƙuri kamar shi ne aka taka wa ƙafa, aka damƙa masa kuɗin mota. Kafin asuba malamin ya kwashe allunansa da sauran yaran ya yi gaba, wani gari can za su karɓe shi da hannu biyu. Ku gaya min bambancin wannan da Boston. Shi kuwa yaron, kafin a tafi da shi gida sa'anninsa har sun sa masa suna, in ya fito da kwanonsa sai su dinga kiransa ɗan daudu suna dariya. Duk yaron da ya ga haka, in shi ma an taɓa shi, zai faɗa? Ba zai faɗa ba har ya tsufa. Shi ya sa a Turai ma za ka ga mutum sai ya yi furfura sannan yake iya buɗe baki.

Coci dai ta ɗan motsa, a faɗi gaskiya. An tuɓe Theodore McCarrick na Amurka daga limanci a 2019, mutumin da ya kai har kadinal alhali an daɗe ana raɗe-raɗinsa. A Mayun shekarar Paparoma ya yi dokar da ta wajabta wa limamai da sistoci kai rahoton cin zarafi, sai dai wajen shugabannin coci ta ce a kai, ba ta tilasta a kai wa 'yan sanda ba, a Disamba kuma ya cire sirrin fadarsa daga irin waɗannan shari'o'i. Ni a ganina bai isa ba, gida ne ke yi wa kansa alƙalanci. Kuma duk wannan ba don son ransu suka yi ba, 'yan jarida ne da kotuna da waɗanda aka cuta suka ƙi yin shiru.

Sannan don Allah kada wani ya ɗauki wannan wasiƙa ya mai da ita makamin zagin Kiristocin garin nan. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Zinder kan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da wasu suka yi a Paris, maƙwabtanmu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su suka kwana a waje. Yaran da limaman nan suka cuta ai 'ya'yan Kiristoci ne, iyayensu su ne na farko da aka ci amana.

Roƙona gare ku shi ne ku turo wakilinku ya zaga makarantun allo da na boko da gidajen marayu a Damagaram da Maradi, ya tambayi shugabanninsu tambaya ɗaya, in yaro ya kawo ƙarar malaminsa ko mushensa, wa ake gaya wa, kuma ina ake kai malamin. Ku buga amsar yadda suka faɗa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Mai karatunku daga Zango, Zinder.