Godiya ga Masu Shagon Kayan Farauta na Garin Craig

Zuwa ga masu ƙaramin shagon bindigogi da kayan farauta da ke garin Craig a jihar Kolorado, musamman dattijon da ke kula da teburin harsasai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Baba, na yi maka godiya baki da baki, amma raina bai kwanta cewa ta isa ba. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, da harshena, domin 'yan'uwa mazauna Amurka da suke tambayata yadda na yi su san inda ake mutunta mai saye. Ɗana zai karanta maka ita da Turanci idan mun zo.

Kafin in zo wurinku na sha takaici. Na riga na yi karatun kiyaye haɗarin farauta da jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949, na ci jarrabawa, na samu lasisin harbin elk mace, wata ƙatuwar barewa, a dazukan da ke kusa da ku. Saura bindiga da harsashi, ni kuwa sanina da bindiga bai wuce ta toka da na ga kakana yana ɗurawa da albarushi ba. Sai na nufi manyan kantunan nan na birni, waɗanda sashen bindigoginsu kaɗai ya fi shagonku girma. A na farko, saurayin da ke tsaron wurin da ƙyar ya ɗaga kai daga wayarsa. Da ya ji elk zan harba, ya nuna mini bindigogi masu cin manyan harsasan .338 Winchester Magnum da .300 Winchester Magnum, ya ce duk abin da ke ƙasa da su wasan yara ne. A wani kantin kuma aka ce mini waɗannan tsohon yayi ne, yanzu kowa 6.5 Creedmoor yake riƙewa, in saya kawai. Akwai inda ko maganar bindigar ba mu kai ba. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya yi ta tambayata daga ina nake, me zan yi da bindiga, da irin muryar da kowane baƙo a ƙasar nan ya san ma'anarta. Takarduna cikakku ne, suna aljihuna, bai nemi gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikinsu duka babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa harba bindiga mai ƙarfi, ko daga wace tazara nake sa ran yin harbi, ko namiji zan nema ko mace. Kowa abin da ke kan kantarsa yake so ya rabu da shi. Na koma intanet, can ma musu ne ba iyaka, wannan ya zagi harsashin wancan, wancan ya rama. Har na fara tunanin in haƙura da lasisin.

Ƙarshen bazara na hau hanya daga Denba zuwa Craig don in ga dajin da idona, na shigo shagonku neman taswira kawai. Kai ne ka fara tambayata abin da na zo nema a dajin, da na faɗa, ka jawo mini kujera. Duk tambayoyin da waɗancan manyan kantuna suka ƙi yi, ka yi mini su ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tsaya ka ji amsa. Sannan ka buɗe littafin dokokin farauta na jihar ka nuna mini da yatsa: faɗin harsashi kada ya gaza milimita 6, wato .24 a lissafin inci. Kan harsashin ya zama mai buɗewa idan ya shiga jiki. Nauyinsa ga elk kada ya gaza giren 85, a ma'aunin nauyin harsashi. Ƙarfin dukansa a yadi 100 ya kai 1,000 a ma'aunin da kamfanoni ke rubutawa. Ka ce wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, kada in ɗauke shi shawara.

Ga waɗanda ba su san dabbar ba, elk ƙatuwar barewa ce, namijin yana da ƙahoni masu rassa, girmanta ya kai na gwanki ko ya fi. Namiji cikakke yakan kai wajen kilo 320, mace wajen kilo 225. Fatar da kauri, ƙashin kafaɗa da tauri, ga juriya. Kolorado ce ta fi kowace jiha yawansu, sun haura 280,000. Ka bayyana mini cewa aikin harsashi guda ɗaya ne a nan: ya ratsa fata da haƙarƙari, ko da ya ci karo da ƙashi, ya isa huhu biyun. Elk da aka huda mata huhu ɗaya kawai tana iya yin tafiya mai nisa cikin duwatsu, ta mutu a inda ba mai samunta.

Daga nan ka yi abin da ban taɓa zato ba. Ka bar wa matarka shagon, ka ɗauko bindigoginka na kanka, muka tafi filin gwajin harbi. Ka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka ba ni .300 Winchester Magnum na harba, na ji yadda take dukan kafaɗa. Can sai ka sa mata harsashin da ba albarushi ba tare da ka gaya mini ba. Na ja kunama, ba ta tashi ba, amma ni da kai duka mun ga bakin bindigar ya yi ƙasa, domin jiki ya riga ya koyi jiran dukan. Ba ka yi dariya ba. Ka ce haka yake faruwa da mutane da yawa, har da tsofaffin mafarauta, kuma shi ne babban dalilin da babbar bindiga ke raunata dabba a hannun wanda bai saba da ita ba. Da ka miƙo mini .30-06 Springfield, harsasaina suka fara taruwa wuri ɗaya a jikin takarda.

A hanyar komawa ka yi mini lissafin a sauƙaƙe. Kan harsashi mai giren 180, wato giram 11 da rabi da 'yar ɗoriya, yana fita daga .30-06 da gudun wajen ƙafa 2,700 a daƙiƙa, daga .300 kuma wajen 2,960. Bambancin na gaske ne, ba ka ɓoye mini ba, sai dai amfaninsa yana bayyana ne a tazara mai nisa wadda sabon maharbi ba shi da dalilin yin harbi daga cikinta. Ka ce .30-06 tun 1906 sojojin Amurka suka fara amfani da ita, kuma babu ƙauyen da za ka shiga a yammacin ƙasar nan ka rasa harsashinta idan naka ya ƙare ko ya ɓata. Ba ka kushe sauran ba. .270 Winchester ta 1925, .308 ta 1952, 7mm Remington Magnum ta 1962, duk ka ce sun cika firiza da naman elk shekara da shekaru. Ita 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fito da ita a 2007, don gasar harbin takarda aka ƙera ta tun asali. Tana kashe elk a hannun mai haƙuri da zai jira dabbar ta ba shi gefe sosai, amma ba ta yafe kuskure. Wannan bayanin kaɗai ya warware mini musun da na daɗe ina karantawa.

Inda ka fi daɗewa kuwa, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne kan harsashin kansa. Ka fito da wani gwangwani cike da harsasan da aka ciro daga jikin dabbobi, wasu kuma ka tsaga su biyu don a ga cikinsu. Ka nuna mini wanda rigarsa ta jan ƙarfe siririya ce, ya tarwatse a ƙashin kafaɗa, sai ɓurɓushi. Irin wannan, in ji ka, ya dace da ƙananan barewa, ba da elk ba. Ka nuna mini Nosler Partition, mai shinge a tsakiya: gabansa ya buɗe, bayansa ya tsaya daram ya ci gaba da kutsawa. Ka ba ni labarin John Nosler, wanda a 1946 a dajin British Columbia ta Kanada harsasansa suka kasa ratsa wata ƙatuwar dabba mai suna moose da taɓo ya bushe a jikinta, ya dawo gida ya ƙera wannan, ya fara sayarwa a 1948. Ka nuna mini waɗanda aka liƙe dalmar cikinsu da rigar don kada su rabu, sannan na jan ƙarfe zalla irin na kamfanin Barnes, da ya buɗe gida huɗu bai zubar da komai na nauyinsa ba.

Da ka ji ina da ƙananan yara kuma naman gida zai tafi, sai ka gaya mini gaskiya cewa harsashin dalma yakan bar ƙananan gutsattsari a naman da ke kusa da raunin, kuma Kalifoniya ta hana farauta da shi gaba ɗaya tun 2019, ko da yake Kolorado ba ta hana ba. Ka bar mini zaɓi. Na ɗauki na jan ƙarfe, ka ce to in sauko zuwa giren 165 ko 168, saboda shi sai da gudu yake buɗewa yadda ya kamata. Ka hana ni sayen kwalaye da yawa a ranar. Ka ce in ɗauki kwali ɗaya ɗaya na iri biyu in gwada, domin kowace bindiga da harsashin da take so, wanda ya fi taruwa shi zan dawo in ƙara, in daidaita madubin saiti da shi a yadi 200, kada kuma in yi atisaye da wani iri in shiga daji da wani.

Akwai abu ɗaya da na yi jinkirin faɗa saboda abin da na gani a wasu wurare. Na gaya maka cewa ni Musulmi ne, zan ambaci sunan Allah lokacin da zan yi harbin, kuma idan na tarar da dabbar da sauran rai dole in yanka ta. Fuskarka ba ta canza ba. Ka ce in tunkare ta ta bayan gadon bayanta, kada ta wajen ƙafafu, domin kofaton elk yana karya ƙashin mutum, in riƙe bindiga a shirye har sai na tabbata, wuƙa kuma ta kasance a ɗamara ba a cikin jaka ba. Na gaya maka cewa a addininmu an umarce mu da kyautata kisa da kyautata yanka don kada dabba ta wahala. Ka ce ai duk surutun da ka yi mini tun safe a kan wannan yake. Wallahi Baba, wannan maganar ta zauna mini.

Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata. An cike takardu, an yi binciken hukuma, na jira kwana ukun da dokar jihar ta 2023 ta gindaya, an ɗaura madubi, an tuna mini da riga da hular ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli da doka ta wajabta. Farashi daidai da na ko'ina.

A watan Nuwamba Allah ya ba ni sa'a. Mace ce babba, ta tsaya ta ba ni gefe a tazarar da ba ta kai yadi 200 ba. Harsashin ya shiga bayan kafaɗa ya fita ta ɗaya gefen, ta yi 'yan taku ta faɗi a inda nake ganinta. Naman ya ishe mu, ya ishi maƙwabta, har masallaci mun kai.

Da na zauna na yi lissafi sai na ga da ka sayar mini da abin da wancan saurayin ya nuna mini, da ka fi samun kuɗi a kaina, a bindigar da kuma kowane kwalin harsashi da zan saya nan gaba. Wannan ne ya sa nake jin ciwon yadda harkar ta lalace a manyan kantuna. An ɗauko yara da ba su taɓa feɗe dabba ba, an tsayar da su a teburin bindiga kamar yadda za a tsayar da su a sashen takalma, ba a koya musu komai ba sai abin da ake so ya ƙare a wannan watan. Ba laifin yaran nake gani ba, laifin masu ɗaukarsu ne. Wanda ya sayi takalmin da bai yi masa daidai ba zai mayar. Wanda aka ɗora wa bindigar da yake tsoro kuwa, dabba ce za ta biya, ta tafi da harsashi a ciki ko a cinya ta kwana tana mutuwa. Tun 1937 dokar tarayya ta Pittman-Robertson take karɓar haraji a kan dogayen bindigogi da harsasai, kashi 11 cikin 100 a yau, ana zuba shi a aikin kiyaye namun daji. Ke nan kowane kwali da suka sayar yana da alaƙa da dabbobin nan, amma mai sayarwar bai san bambancin harsashin takarda da na farauta ba. Kuma ba a bindiga abin ya tsaya ba. Je ka wurin masu sayar da mota, ko waya, ko inshora, da wuya ka samu mai tambayarka me kake bukata kafin ya fara gaya maka me yake da shi. Baƙo kuwa, wanda harshensa ya nuna ba a nan aka haife shi ba, shi ne aka fi yi wa gaggawa.

Ɗan ƙanena ya gama nasa karatun farautar bana, jikinsa bai kai nawa ba, kuma na ga har ya fara kallon manyan bindigogi a waya. Zan kawo maka shi kafin kaka, in Allah ya yarda. Ina roƙon ka kai shi filin nan ka gwada shi da .308 da .270 kamar yadda ka yi mini, ka kuma ajiye mini kwali biyu na giren 168.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da kasuwa. A gaishe da Mama.

Naka mai godiya,
wani Bahaushe mazaunin Denba.