Ƙaramin Jirgin Hurricane Da Darasin Ma'auni A Makarantunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani aikin hannu da ba a san shi sosai ba a jihar Kebbi, wanda nake ganin malaman zanen fasaha da na lissafi za su amfana da shi fiye da yadda suke zato. Aikin shi ne haɗa ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙi na roba, irin wanda ake sayarwa a kwali a wargaje, tare da takardar zane mai nuna inda kowane yanki zai zauna. Wanda bai taɓa buɗe irin wannan kwali ba yakan ɗauka kayan wasan yara ne, alhali yaron da aka miƙa wa shi babu mai nuna masa hanya ba zai fitar da komai ba sai dunƙulen robar da gam ya cinye. Na daɗe ina koyar da zanen fasaha kafin in yi ritaya, kuma abin da zan faɗa ya dogara ne a kan samfurin jirgin Hawker Hurricane da na haɗa a kan ma'aunin 1/48.

Da gangan na zaɓi wannan jirgi, domin yana da alaƙa da ƙasarmu wadda littattafan makaranta ba su cika ambata ba. Injiniya Sydney Camm ne ya tsara shi a Ingila, ya fara tashi a watan Nuwamba na 1935 da injin Rolls-Royce Merlin mai silinda 12, kuma an ƙera fiye da guda 14,000 kafin a daina. A gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Ingila a 1940, duk da cewa takwaransa na Birtaniya, jirgin Spitfire, shi ne ya tafi da suna, Hurricane ya fi shi kakkaɓo jiragen Jamus. A watan Yuni na wannan shekara Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙin, tekun Bahar Rum ya zama hanyar da jiragen ruwan Birtaniya ba sa iya bi cikin aminci, ga shi kuma kewayawa ta ƙarshen kudancin Afirka tana cin makonni masu yawa. Sai aka koma ɗauko jiragen sama a wargaje cikin manyan akwatuna zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan matuƙa su taso da su ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, su ratsa Sudan har Hartum, su bi kogin Nilu zuwa Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, Hurricane shida suna bin jirgin Blenheim ɗaya mai nuna hanya, kuma zuwa 1943 jiragen Birtaniya fiye da 4,500 sun bi wannan hanya mai tsawon sama da mil 3,500. Abin da ya sa ta yiwu shi ne gwamnan Cadi na lokacin, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a watan Agusta na 1940, yayin da maƙwabtanmu na Nijar da Dahomey, wato Benin ta yanzu, waɗanda Kebbi ke iyaka da su, suka ci gaba da zama ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, har ƙarshen 1942. Ke nan ɗalibin da ya zauna haɗa wannan jirgi daga kwali yana maimaita, a ƙarami, aikin da makanikai suka yi a Takoradi. Kakanninmu na Zuru da Yawuri da Argungu da Gwandu da aka kai Bama a Yaƙin Hitila su ma sun san shi, domin ya yi aiki a can yana kai hari don taimaka wa sojojin ƙasa.

Babban abin da ke cikin kwalin, a wurina, shi ne ma'auni. Yaranmu ba su rasa basirar hannu ba, kowa ya ga motar kara da jirgin gwangwani da suke ƙerawa a unguwa, wasu har da ƙofa mai buɗewa da fitila mai kamawa. Abin da ba a koya musu ba shi ne cewa kowane tsawo a jikin samfuri dole ya dace da tsawon ainihin abin ta hanyar lissafi ɗaya da ba ya canzawa. Faɗin Hurricane daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen ɗaya fiffiken ƙafa 40 ne, wato mita 12.19. A ma'aunin 1/48 kowace ƙafa ɗaya tana komawa rubu'in inci, saboda haka fukafukan samfurin za su zama inci 10 cif, ko santimita 25.4, kuma ɗalibi zai iya ɗora rula ya tabbatar da idonsa. A ma'aunin 1/72, wanda ya fi yaɗuwa kuma ya fi araha, inci ɗaya yana wakiltar ƙafa shida, sai faɗin ya dawo kusan santimita 17. Daga nan malami zai iya tambayar ajinsa dalilin da ya sa tsawo ya ragu sau 48 amma filin da za a shafa wa fenti ya ragu sau 2,304, cikin jirgin kuma ya ragu sau 110,592. Na rubuta wannan ƙa'ida a allo shekara da shekaru, ɗalibai suna haddace ta don jarrabawa su manta, amma wanda ya riƙe abin a tafin hannunsa da wuya ta ɓace masa.

Shi aikin haɗawar yana da tsari wanda ba ya yafe wa mai gaggawa. Sassan suna zuwa ne manne a jikin firam ɗin roba, kowanne da lambarsa, domin a masana'anta narkakkiyar roba ake turawa da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, firam ɗin kuwa shi ne hanyoyin da ta bi kafin ta daskare. Ana fara wanke su da ruwan sabulu don kawar da maiƙo, a cire kowane yanki da abin yanke farce ko reza maimakon a murɗe shi, domin murɗawa tana tafiya da naman yankin. Kafin gam ya taɓa komai sai an gwada haɗa sassan a bushe an ga inda suka ƙi zama. Mazaunin matuƙi ake fara gamawa a yi masa fenti kore mai ratsin toka, da kujerarsa da allon agogunansa, saboda da zarar an rufe ɓangarorin gangar jirgin biyu babu buroshin da zai sake shiga. Gam ɗin wannan aiki dabam yake da wanda muka saba, domin narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo kaɗan a bakin haɗi ya isa, ruwan zai bi tsagar da kansa, kuma yatsan da ya taɓa wurin kafin ya bushe zai bar zanensa har abada. Ana ɗaure gangar da zoben roba a bar ta ta kwana, sa'an nan a cike ragowar tsagar a goge ta da takardar yashi mai laushi.

A nan ne Hurricane yake koyar da abin da wani jirgin ba zai koyar ba. Rabin gangarsa na baya bututun ƙarfe ne da sandunan katako aka lulluɓe da yadi aka shafe da wani irin fenti mai ɗame shi, saboda haka a jikin samfurin akwai siraran layuka masu nuna inda yadin ya kwanta a kan katakon. Mai goge tsaga da ƙarfi zai share waɗannan layuka, jirgin ya fito sumul kamar na ƙarfe zalla, ya rasa kamanninsa. Ɗalibin da ya tambayi dalilin layukan zai gane cewa wannan tsohon salon ƙira shi ne ya sa jirgin ya yi sauƙin gyara a filin daga, tunda harsashi yakan huda yadin ya wuce, a yi masa faci a sake tashi. Haka nan ƙafafunsa na sauka a ware suke sosai kuma suna naɗewa zuwa ciki, abin da ya sa ya fi Spitfire jure filin da ba a daidaita ba. Kwalaye da yawa kuma sukan zo da haɓa iri biyu a ƙarƙashin hancin jirgin, ɗaya siririya, ɗaya mai kumburi. Mai kumburin matatar iska ce ta kamfanin Vokes da aka ƙara wa jiragen da za su yi aiki a hamada don kada yashi ya cinye injin, ko da yake ta rage musu gudu. Wanda ke son jirgin da ya yi yaƙi a Masar da Libiya ita zai ɗora, ya yi wa saman fentin ƙasa-ƙasa mai duhu da mai haske, ƙasan jirgin kuma shuɗi. Duk mutumin Birnin Kebbi da ya taɓa buɗe matatar iskar babur ɗinsa a ƙarshen hunturu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Takardun da ke cikin kwalin an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi, saboda haka akwai abin da sai mu za mu ƙara. Zafin bazara a nan yakan haura digiri 40, kuma robar tana lanƙwashewa idan aka bar ta a cikin mota ko a taga inda rana ke bugawa. Fentin da ake tsinkawa da ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kwanta, sai an ƙara tsinka shi an yi aiki da sassafe, shafi biyu ko uku marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri da zai binne zanen jikin jirgin. A lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, sai an kife roba mai tsabta a kan samfurin har ya bushe. Murfin mazaunin matuƙi, wanda roba ce garai-garai, ba a manna shi da gam mai saurin kamawa na kanti, domin tururinsa yana mai da shi fari, farin gam ɗin kafinta ya fi dacewa. Tambarin zobban shuɗi da fari da ja da lambobin jirgin kuma a takarda suke, ana tsoma su cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci a zame su zuwa wurinsu, kuma sun fi kwanciya a kan fenti mai sheƙi, in ba haka ba iska takan maƙale a ƙarƙashinsu su riƙa ƙyalli kamar an liƙa leda.

Na san akwai masu ja, kuma jansu yana da tushe. Wasu iyaye za su tambayi hukuncin ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa a wasu kwalaye, amsa kuwa ita ce babu abin da ya tilasta a sa shi, masu wannan aiki da yawa ma sukan bar kujerar babu kowa don a ga cikin. Wasu za su ce yankin da ke jin rugugin jiragen yaƙi na gaske saboda matsalar 'yan bindiga ba ya buƙatar a ƙawata wa yara makami. Wannan magana ce mai nauyi, kuma malamin da zai kawo samfurin aji wajibi ne ya faɗi gaskiya cewa an ɗora wa Hurricane na farko bindigogi takwas ne don kashe mutane, kuma matuƙa da yawa sun mutu a hanyar Takoradi kanta tun kafin su ga abokan gaba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya zaɓar jirgin fasinja ko na ruwa, lissafin ɗaya ne. Abin da na fi jin tsoro shi ne gam ɗin, saboda warinsa ɗan'uwan sholisho ne da ya lalata matasa da yawa, don haka kwalbar ta zauna a hannun malami, a yi aiki a inda iska ke shiga, kuma reza ba ta ƙananan yara ba ce.

Saura tsada, domin kamfanonin da suka shahara da waɗannan kwalaye, irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan da Revell, duk a waje suke, kuma da kuɗin waje ake saye. Ba na ba da shawarar a saya wa kowane ɗalibi. Kwali ɗaya ya ishi aji, a haɗa shi tare, a auna shi, a zana shi ta gaba da ta gefe da ta sama, sa'an nan kowane ɗalibi ya fitar da nasa daga katako mai laushi ko kwali ko kara a kan wannan ma'auni, a ba shi maki gwargwadon yadda awonsa ya dace. An taɓa yin irin wannan da yawan gaske, domin a 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi ɗaliban sakandare su sassaƙa samfuran jirage 500,000 na katako a kan ma'aunin 1/72, don a horar da sojoji gane jirgin abokin gaba daga nesa, kuma sai wanda awonsa ya yi daidai ake karɓa.

Ina kira ga masu kula da makarantun fasaha na jiha su gwada wannan a makaranta ɗaya ko biyu na zango guda, su nemi taimakon sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru wajen fitar da zane mai inganci. Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne jaridarka ta buga zanen Hurricane ta fuska uku a shafin matasa, da awonsa cikin santimita da bayaninsa cikin Hausa, domin malamin da ke Kamba ko Jega wanda ba zai samu kwalin ba ya samu abin farawa.

Wassalam.

Tsohon malamin zanen fasaha,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.