Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Nazarin Dambe, Kokawa da Wasannin Kare Kai

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu masu horarwa, da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata, assalamu alaikum.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, ina gabatar muku da rahoton shekarar da ta ƙare. Na rubuta shi a matsayina na sakatare, kuma da yake kwamitin zartarwa ya ɗora mini riƙon littafin kuɗi tun da ma'ajinmu ya yi tafiyar karatu, bayanin kuɗin ma daga hannuna zai fito.

An yi tarukan wata-wata da atisayen ƙarshen mako kamar yadda aka saba, kuma bayanansu suna cikin littafin taro ga mai son dubawa.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne taron tarihi da muka shirya a tsakiyar shekara, wanda a ganina tun kafuwar ƙungiyar nan ba mu taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Zauren ya cika har aka ƙaro kujeru, kuma da yawa daga cikin mahalarta iyayen yara ne waɗanda a da suke hana 'ya'yansu zuwa wajen atisaye, saboda a ganinsu abin da muke koyarwa faɗan titi ne kawai. Ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, wanda kowa ya san daɗewarsa a judo, shi ya gabatar da laccar. Ya fara ne da tsohuwar Girka, inda aka shigar da wasan pankration cikin gasar Olamfik a shekara ta 648 kafin haihuwar Annabi Isa, wasan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa, ba a hana komai a cikinsa ba sai cizo da ƙwaƙule ido. Bai daɗe a nan ba ya tsallako zuwa Japan, domin a nan ne tushen maganarsa yake.

Ya bayyana yadda Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, ya tace tsofaffin dabarun jujutsu, ya ware masu haɗarin gaske daga atisayen yau da kullum, ta yadda ɗalibai biyu za su iya gwada ƙarfinsu iya iyawarsu ba tare da ɗaya ya nakasa ɗaya ba. Malamin ya ce wannan shi ne sirrin da ya sa 'yan judo suka yi fice, domin dabarar da mutum ya gwada sau da yawa a kan abokin karawa mai turjiya ta fi wadda ya haddace bai taɓa gwadawa ba. Daga cikin ɗaliban Kodokan akwai Mitsuyo Maeda, wanda ya zaga ƙasashe yana karawa da 'yan dambe da 'yan kokawa har ya isa Brazil a 1914, ya zauna a birnin Belém, kuma daga makarantarsa ne Carlos Gracie ya samo tushen abin da iyalan gidansu suka bunƙasa ya zama jiu-jitsu na Brazil, salon da ya fi mai da hankali ga faɗa bayan an kai ƙasa.

Da aka zo kan karawar Helio Gracie, ƙanin Carlos, da Masahiko Kimura, zakaran judo na Japan, wadda aka yi a filin Maracanã na birnin Rio de Janeiro a watan Oktoba na 1951, sai aka dakatar da lacca, babban kocinmu ya hau katifa tare da ɗalibinsa, ya nuna a hankali irin murɗar hannun da Kimura ya yi wa Helio a turmi na biyu har hannun ya karye, Helio kuma ya ƙi miƙa wuya sai da aka jefo tawul daga ɓangarensa. Har yau sunan Kimura ake kiran wannan kamu da shi. Kocin ya yi amfani da damar ya koya wa yara abin da muke nanatawa kullum, cewa bubbuga katifa ko jikin abokin karawa don a sake ka ba abin kunya ba ne, kuma wanda aka bubbuga wa dole ne ya saki nan take. Na lura da fuskokin iyaye a wannan lokaci, kuma ina da yaƙinin cewa a nan ne ra'ayin da yawansu ya sauya.

An ɗan yi muhawara mai zafi a kan karawar Muhammad Ali da Antonio Inoki, ɗan kokawar Japan, ta ranar 26 ga Yuni, 1976, a zauren Budokan na Tokyo. Inoki ya shafe kusan dukan turmi 15 ɗin yana kwance rigingine yana shurin ƙafafun Ali, shi kuwa Ali naushi shida kacal ya kai, aka tashi babu wanda ya yi nasara, kuma ƙafafun Ali sun yi mummunan kumburi har jini ya daskare a cikinsu. Wasu mambobi sun ce Inoki tsoro ya ji, amma malamin ya nuna cewa ƙa'idojin da aka gindaya masa sun hana shi yawancin dabarunsa na kokawa, don haka bai da wata hanya sai wadda ya bi. Ni ma a nan nake, domin ba adalci ba ne a ɗaure wa mutum hannu sannan a zarge shi da ƙin kokawa.

Daga nan aka haska wa jama'a da majigi wasu sassa na gasar UFC ta farko, wato gasar MMA, wasan faɗa mai haɗa salo daban-daban, wadda aka yi a birnin Denver na Amurka ranar 12 ga Nuwamba, 1993. Mutum takwas ne suka shiga, babu rabon ajin nauyi, babu alƙalan ba da maki, kuma safar hannu ba dole ba ce, shi ya sa ɗan boksin Art Jimmerson ya shigo da safa a hannu ɗaya kawai. Royce Gracie, ɗan Helio, wanda yana cikin mafi ƙarancin jiki a wannan dare, ya sa Jimmerson da Ken Shamrock da Gerard Gordeau sun miƙa wuya ɗaya bayan ɗaya, kowanne cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Malamin bai ɓoye munin wasan na wancan zamani ba. Ya ambaci yadda Sanata John McCain ya kwatanta shi da faɗan zakaru a 1996, ya yi ta fafutukar a haramta shi, da yadda jihohi da dama suka bi shawararsa, har sai da hukumar wasanni ta jihar New Jersey ta tsara ƙa'idoji na bai-ɗaya a 2001. Ƙa'idojin ne suka tabbatar da ajin nauyi, da turmi mai minti biyar-biyar, uku a karawar yau da kullum, biyar a ta neman kambu, da haramcin dukan ƙeya da marena da shurin kan wanda yake ƙasa. A farkon 2001 ɗin ne aka sayi kamfanin UFC a kan dala miliyan 2, aka sayar da shi a 2016 a kan kusan dala biliyan 4, kuma a 2016 ɗin ne jihar New York, wadda ita ce ta ƙarshe, ta halatta wasan. Hujjar malamin ita ce doka da likita da alƙalin wasa su suka ceci MMA, ba zubar da jini ba.

Ɗalibanmu mata sun ji daɗin ɓangaren Ronda Rousey, wadda ta ci tagulla a judo a Olamfik ta Beijing a 2008, sannan ta doke Liz Carmouche a Fabrairun 2013 a karawar mata ta farko a tarihin UFC. An rufe da zakarun Afirka uku da suka riƙe kambu a lokaci guda: Kamaru Usman, wanda ya karɓe kambu daga Tyron Woodley a Maris na 2019 ya kare shi sau biyar kafin Leon Edwards ya kwantar da shi da shuri a ka a ƙarshen turmi na biyar a Agustan 2022, Israel Adesanya, wanda ya buge Robert Whittaker a Melbourne a Oktoban 2019, da Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru, wanda ya yi aikin haƙar yashi yana yaro kafin ya buge Stipe Miocic a Maris na 2021. Bayan taron an sami sababbin ɗalibai da iyayensu suka kawo da kansu. Ina miƙa godiyar ƙungiya ga malamin, da kocinmu, da ɗan uwan da ya ba da aron majigi, da 'yan tsirarun matasan da suka jera kujeru suka kuma tsaya suka share zauren bayan kowa ya watse.

Yanzu sai abubuwan da ba a kammala ba, waɗanda na san wasu sun zo taron nan musamman don su tambaye ni a kansu.

Ba a sayi sababbin katifun atisaye ba. Na ji ana cewa kwamiti ya ci kuɗin katifu a taron tarihi, kuma wannan magana ba ta da tushe, domin hayar zaure da sauran hidimar taron daga gudummawar iyayen ƙungiya suka fito, rasit ɗinsu yana manne a littafi. Gaskiyar magana ita ce an tsara sayen katifun ne bisa zaton kowane mamba zai biya kuɗinsa na wata-wata, amma waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba, kuma abin da ya shigo hayar ɗakin atisaye ta cinye mafi yawansa. An ba mu shawarar mu sayi masu araha marasa kauri, kwamiti ya ƙi, kuma ina goyon bayan wannan ƙi ɗin, saboda a kan katifar nan ake koyon faɗuwa da kayarwa, kuma kan yaro ɗaya da ya bugu da daɓe ya fi duk abin da za a ce an rage. Saboda haka ne koci ya dakatar da koyar da manyan kayarwa har sai an sami katifun kirki, ba don ƙiwa ba kamar yadda wasu suke faɗi.

Ɗan littafin tarihin wasannin nan da muka yi alkawarin fitarwa da Hausa shi ma bai fito ba. Babin boksin ya kammala, tun daga ƙa'idojin Queensberry na 1867, zuwa Battling Siki ɗan Senegal da ya buge Georges Carpentier a Paris a 1922, da 'yan Najeriya da suka ci kambun duniya, Hogan Bassey a 1957 da Dick Tiger a 1962, har zuwa karawar Ali da George Foreman a Kinshasa a 1974. Babin judo da jiu-jitsu ma ya yi nisa, domin laccar taron tarihi ta cike mana giɓi mai yawa. Amma waɗanda suka ɗaga hannu da kansu suka karɓi babin damben Thailand da na sambo, wato salon kokawar Rasha, da na taekwondo ba su kawo ko shafi ɗaya ba, wasunsu ma sun daina ɗaukar waya. Akwai masu cewa a kwaso daga intanet a fassara a buga kawai. Kwamiti bai yarda ba, domin littafin da yara za su karanta su riƙe a matsayin hujja dole ne a tantance kowace shekara da kowane suna da ke cikinsa, kuma wannan aiki ne da mutum biyu ba za su iya gamawa su kaɗai ba.

Horon agajin gaggawa ga masu horarwa, wanda muka ce za a yi musamman a kan gane alamun girgizar ƙwaƙwalwa bayan duka a ka, an ɗage shi ne saboda ma'aikacin lafiyar da muka gayyata ya nemi a tabbatar masa da adadin mahalarta, kuma aka kasa samun masu rubuta suna da za su isa. Wannan ne ya fi damuna a cikin duka ukun, domin muna tara 'ya'yan mutane suna kai wa juna naushi. Akwatin magunguna dai an cike shi, kuma an tilasta sa robar kare haƙora ga duk mai gwajin karawa.

Dole in yi magana a kan mambobin da ba a ganinsu. A zaurenmu na WhatsApp, duk daren da aka yi babbar karawa, saƙonni ba sa ƙirguwa, kowa ya zama alƙali, ana ta gardama a kan ko Khabib Nurmagomedov, da ya yi ritaya a 2020 da nasara 29 ba a taɓa doke shi ba, ya fi Jon Jones ko Georges St-Pierre. Ba na ƙin wannan gardama, don son wasan ne ya haɗa mu. Amma idan na tura tunatarwar kuɗin wata a wannan zaure ɗin, sai a yi tsit, kuma waɗanda suka fi kowa tsawon sharhi su ne ba su taka ɗakin atisaye ba duk tsawon shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu da muke wannan hidima ba albashi ake biyanmu ba, muna da iyali da sana'o'inmu kamar kowa. Bin babban mutum ana roƙonsa ya biya abin da shi da kansa ya ɗaga hannu ya amince da shi abu ne mai zubar da mutuncin mai bi da wanda ake bi. Wanda yake cikin matsi ya zo ya faɗa wa shugaba a asirce, tsarin mulkinmu ya ba da damar a ɗage masa, kuma an ɗage wa waɗanda suka nema ba tare da kowa ya ji sunansu ba.

Kwamitin zartarwa yana neman babban taro ya ƙada ƙuri'a a kan cewa duk wanda bashin wata shida ya hau kansa, bai kuma nemi sassauci ba, a dakatar da shi daga zaɓe da shiga gasa da sunan ƙungiya har sai ya biya, sannan duk bashin da aka karɓo a ware shi ga katifu kaɗai. Muna kuma neman a zaɓi sabon ma'aji a wannan zama, domin bai dace mutum ɗaya ya ci gaba da riƙe littafin taro da na kuɗi ba. Babi ukun da suka rage za a sake raba su a yau ga waɗanda za su sa hannu a gaban jama'a, kuma takardar rubuta suna don horon agajin gaggawa tana kan teburin sakatare.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa.