Masu Zuwa Kirit, Ba Yashi Kaɗai Ake Kallo Ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a.

A ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwa masu shirin zuwa hutu ƙasar Girka, musamman tsibirin Kirit, don na ga hotunan bakin tekun Elafonisi sun cika Instagram kowa na cewa sai ya taka yashin nan mai ruwan hoda. To ni dai na taka, kuma gaskiya launin bai kai na hoto ba ko kusa, ɗan ratsi ne siriri a inda ruwa ke lasar yashi, garin ɓawon ƙananan halittun teku ne ke ba shi wannan kala, ga mutane cinkus kamar kasuwa ranar jajiberen sallah.

Mu uku muka yi hayar mota a Iraklion, babban birnin tsibirin, muka nausa yamma, kilomita wajen 140 zuwa garin Haniya. Hannun dama suke tuƙi irin namu, sai dai suna da wata al'ada, idan na baya yana sauri sai ka raɓe gefen titi ka ba shi hanya. Ni ban sani ba na yi ta shan hon har abokina ya gano.

A Retimno muka fara yada zango, nan ne jikina ya yi sanyi. Muna cikin lungunan tsohon gari kawai sai ga hasumiya doguwa, masallacin Neratze ne tun zamanin Daular Usmaniyya, yanzu makarantar kiɗa ce. A Haniya ma haka, daidai bakin tashar jiragen ruwa da mutanen birnin Benis na Italiya suka gina akwai masallaci mai ƙubba, an yi shi bayan Turkawa sun ci garin a 1645. Ba a sallah a ciki, baje kolin zane-zane ake yi, tunda Musulmin tsibirin duk an kwashe su bayan yarjejeniyar musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya ta 1923. Na zauna a dakalin gabansa har magariba, masu yawon buɗe ido sai wucewa suke da askirim a hannu ba wanda ya ɗaga kai, wallahi wannan zaman ya fi min Elafonisi.

Hanyar Elafonisi ɗin kanta ta fi yashin daɗi, kwana kan kwana ta cikin kwazazzabon Topoliya, ga wani rami a cikin dutse da mota ɗaya kawai ke shiga sai danja ta ba ka hannu, ga awaki kwance a kan kwalta ba ruwansu da kai. Bakin tekun Balos kuwa kar ku shiga da motar haya, hanyar burji ce, mu mai motar ya ce inshora ba ta biyan ɓarnar can, gara a hau jirgin ruwa daga garin Kisamos.

Sai abu ɗaya, in kun gama cin abinci za a kawo muku wani farin ruwa a ƙaramin kwalba kyauta, raki sunansa, giya ce. Saura kaɗan abokina ya kurɓa yana zaton ruwa ne, warin ne ya cece shi. Ku ce a'a cikin mutunci, ba sa jin haushi, mu ma kankana aka ƙaro mana.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano