Ka Rufe Dosiyen Nan Kafin Ka Kwanta

Tawa, daren Talata

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da gwaggonka da Alhaji da yara, kuma karatu yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙura. Innarka tana gaishe ka, ko da yake tun shekaranjiya ba ta ce mini uffan ba a kan abin da ya zaunar da ni rubutun nan. Ka san shirunta.

Saƙonka na murya ya same ni a shago ina kan wata tele da aka kawo daga Abalak. Ka ce kwana uku kana fama PlayStation ba ta ganin kwamfuta, da ta gani kuma rabin bidiyon ya ƙi buɗewa. Wannan zan amsa maka, don sana'ata ce. Amma gwaggonka ta riga ka kira da kwana ɗaya, da wata magana dabam, kuma ita ce ta hana ni barci. Bari in fara da mai sauƙin.

Na'urar da ka tafi da ita Yamai PS3 ce, ƙirar da ta fara fitowa a 2006, kada ka ɗora mata abin da ba a gina ta da shi ba. Hanyar da take ganin kwamfuta ana kiranta DLNA. Kwamfuta ce take shela cewa ga ta da hotuna da bidiyo, kamar mai talla yana bin lungu, na'urar kuma tana kasa kunne. To mai talla ba a jin sa sai a unguwar da yake. Dole su biyun su hau akwatin wifi guda. Ka duba adireshin kowace: in na kwamfuta ya fara da 192.168.1, na PS3 ma ya fara da haka, lambar ƙarshe kaɗai za ta bambanta. Na san halinka, da wifin gida ya yi nauyi sai ka jona kwamfuta da wayarka ka manta. A haka ko shekara za ka yi ba za su ga juna ba. Sannan wifin PS3 tsohon yayi ne, zangon 2.4 kawai yake kamawa, bai san na 5 ba. In za ka ji tawa, ka shiga Babbar Kasuwa ka sayi kabul na rezo ka haɗa ta da akwatin kai tsaye. Tsayawar da bidiyo yake yi yana ci gaba yawanci daga nan take.

Sai Windows. In ta ɗauki wifin gidan a matsayin “réseau public”, ɓuya take yi, don a ganinta tana tasha ne cikin baƙi. Ka mayar da shi “réseau privé”, sannan ka kunna rabon hotuna da bidiyo. A PS3 ma, cikin saitin rezo, akwai “Connexion au serveur multimédia”, ka tabbata a kunne yake. Duk ran da wuta ta ɗauke ta dawo, ka fara kunna akwatin wifi, ka jira ya daidaita, sai kwamfuta, na'urar a ƙarshe, sannan ka sa ta sake nema. Katangar tsaro da ka ce ka kashe gaba ɗaya, ka mayar da ita yau. Ƙofofi ƙalilan aikin nan yake bukata, irin su 1900 da 2869, kuma Windows da kanta take buɗe su idan ka kunna rabon ta hanyarsa. Ba a rushe katangar gida don a shigo da buhu ɗaya.

Bidiyon da ya ƙi buɗewa kuwa, ka duba ƙarshen sunansa, zan yi mamaki in ba MKV ba ne. PS3 ba ta karanta shi, MP4 da AVI ta sani. Akwai manhaja ta kyauta, Universal Media Server, da take juya bidiyo yayin da ake kallo, amma kwamfutar nan ta tsufa, a zafin Yamai za ta yi ta huci. Gara ka juya shi zuwa MP4 da dare. In kuma ta kilen USB za ka bi, sai mai tsarin FAT32, shi kuma ba ya ɗaukar bidiyo guda da ya wuce giga 4. Ka danna alwatika a manet ka zaɓi a nuna duka, in ba haka ba za ka ɗauka kilen fanko ne.

Yanzu maganar gwaggonka.

Ta ce daren Asabar kuna falo da abokanka da na ɗanta, ta shigo ɗaukar abu, sai ta ga yayarka a tele. Hotunan ranar lalle ne, na cikin ɗaki, inda mata suke su kaɗai ba mayafi. Ta ce ka yi sauri ka wuce su, amma ta ga ɗaya daga cikin yaran da waya a hannu, ba ta san ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Babana, tun da ta faɗa mini haka, wannan wayar nake gani duk inda na juya.

Ba sai ka gaya mini yadda aka yi ba. Da abin ya ƙi ka, sai ka tattara duk abin da ke cikin kwamfutar ka zuba a rabon don ka ga ko wani zai fito. Har dosiyen “Gida”. Ka san abin da ke ciki? Bikin yayarka daga farko har ƙarshe. Takardun filin nan da aka sha wahala a kansu. Katin ɗan ƙasa na innarka. Hotunan Kaka a gadon asibiti, waɗanda ni kaina ban iya sake kallo ba. Kuma ga abin da na tabbata ba ka sani ba: DLNA ba ya tambayar lambar sirri. Duk wanda yake kan wifin gidan, in ka bar ƙofar a buɗe, da manhajar kallon bidiyo ta VLC kawai a wayarsa zai ga dosiyen kamar yadda PS3 take ganin sa, yana zaune a dakalin ƙofar gida, kai kana ciki ba ka da labari. Mutum nawa ne suke da kod ɗin wifin Alhaji? Ƴan fadar ƙofar gidan nawa ɗan gwaggonka ya ba? Ka ƙirga, in za su ƙirgu.

Wata bakwai ke nan da kai yayarka ɗakinta. Ka san dangin mijinta, ka san yadda aka yi kafin a kai ga ɗaurin auren. Hoto guda ya shiga WhatsApp, wa zai bi shi ya dawo da shi? Ni shekara da shekaru ina gyaran abin da ya lalace, amma wannan ba shi da gyara a shagona ko na wani. Ba ka yi ƙanƙanta ba lokacin abin da ya faru a tsohuwar unguwarmu, ka ga yadda gidan nan ya ƙare. Yaya za a yi mai karatun jami'a ya shimfiɗa sirrin ƴar'uwarsa a falon mutane saboda yana son kallon fim a babban allo? Wannan sakaci ne, ba zan ba shi wani suna ba.

Innarka ta ce in kwashe hotunan kafin in ba ka kwamfutar. Na ce mata ai ka girma, kuma a lokacin ba ni da wani wurin ajiya da na yarda da shi kamar hannunka. Na'urar ma ni na saya maka, ana ta cewa zan ɓata ka, kuma har yau ban yi nadama ba, don ita ta zaunar da kai gida shekarun da sa'o'inka suke kwana a fada. Amanar da na ba ka nake so ka riƙe mini, kada a ce da ni ai an faɗa maka.

Na san ba da gangan ka yi ba. Ɗan da ya yi kuka ranar da aka tafi da yayarsa ba zai so a ga gashin kanta ba. Saboda haka ka yi abin nan kafin ka kwanta. Ka cire dosiyen “Gida” daga rabon, ka buɗe sabo guda ka zuba finafinanka kaɗai, shi za ka raba. A jerin na'urorin da aka yarje wa, ka bar PS3 ita kaɗai, ka cire alamar da take barin kowace na'ura ta shiga da kanta. Kada ka goge komai don tsoro, hotunan Kaka babu su a ko'ina sai nan. Ka kwafe dosiyen a kile, ka ba gwaggonka ta ajiye har mai zuwa Tawa ya samu. Ka nemi Alhaji cikin ladabi ya canza kod ɗin wifi, ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Yaron mai waya kuma, ka same shi kai da shi, ba a gaban mutane ba, ba da faɗa ba. Ka ce masa ƴar'uwarka ce, matar aure ce. In ya ɗauka, ya goge a gabanka, har wurin da waya take ajiye abin da aka goge. Yayarka ba ta san komai ba, kuma ba daga bakinka za ta ji ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ka kira ni da kwamfutar a buɗe a gabanka, mu bi saitin tare ɗaya bayan ɗaya. Innarka ta ba direban motar safe cuku da ɗan yaji, ka je tasha ka karɓa, rabi na gwaggonka ne.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka